Dokin Percheron a Kumasi: abin da dillali ke talla da abin da mai saye zai tarar a barga

Tallar ba ta ɓuya. Gajeren bidiyo ne da ke yawo a zaurukan WhatsApp na masu dawaki daga Aboabo har Asawase: ingarma hurde ko akawal, wuya ya tanƙwaru, ƙirji faffaɗa, ga mutum tsaye a gefensa kansa bai wuce doron dokin ba. A ƙasa dillali ya rubuta cewa Percheron ne, zai kawo shi daga Afirka ta Kudu ko Turai har ƙofar gida, wani lokaci har da keken biki da kayan ja. Masu tambaya kuwa iri biyu ne. Akwai Alhajin da ke son abin da zai cika ido ranar hawan Sallah, akwai kuma ɗan kasuwar da ke lissafin hayar keken doki don ɗaukar amarya.

Dokin dai na ƙwarai ne, wannan ba a gardama a kai. Tayin ne ke da giɓi, domin abin da ake sayar maka doki ne da jigilarsa, alhali abin da zai raya shi a Kumasi ba ya cikin farashin, ba ya ma cikin maganar.

Asalinsa yankin Perche ne a Faransa, kudu maso yammacin Paris, a kwarin kogin Huisne. Ƙasa ce mai sanyi da ɗanyar ciyawa, inda zafin tsakiyar bazara kan tsaya wajen digiri 25. Dillalai na son su ce jinin dokin Larabawa ne, su kawo labarin yaƙin shekarar 732 kusa da Poitiers, wai dawakin da rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi ta bari ne kakanninsa. Wannan labarin baka ne, yana da daɗin ji ga mai saye Musulmi, shi ya sa ba a rasa shi a talla. Abin da ke rubuce shi ne an yi ta gyara irin da ingarmun gabas a bargar gwamnati ta Le Pin, kuma masu kiwonsa na danganta shi ga wani ingarma mai suna Jean le Blanc da aka haifa a 1823. Alamar wannan jini tana nan a kai: goshi mai faɗi, ido babba, kunne siriri, fuska miƙaƙƙiya, ba irin ƙaton kan nan mai gantsararren hanci na wasu dawakin ja ba.

Aikin da ya gina shi ya fi labarin jininsa amfani ga mai saye. Kafin jirgin ƙasa, shi ke jan kekunan wasiƙa da na fasinja tsakanin garuruwan Faransa, daga baya ya ja manyan kekunan haya na birnin Paris har zuwa 1913. Wato an zaɓe shi ne don ya ja nauyi yana sassarfa, ba don ya yi sukuwa ko zamiya ba. An fara kai shi Amurka a 1839, aka buɗe littafin rajistar irin a garin Nogent-le-Rotrou a 1883, Amurkawa kuma suka riƙa neman wanda ya fi tsayi da nauyi har masu kiwo suka bi kasuwa. Zuwa 1930 kusan kashi 70 cikin 100 na dawakin ja masu rajista a Amurka Percheron ne. Ya ja manyan bindigogi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan na Biyu tarakta ta karɓe masa gona, Faransawa suka koma kiwonsa don nama, sai ya ƙara ƙiba. Shi ya sa yau a Faransa ake raba shi gida biyu, mai nauyi na noma da jan kaya, da mai sauƙin jiki na jan keke. Dillalin da bai iya gaya maka wanne ne yake tallar ba, bai ga dokin da idonsa ba.

Tsayinsa a doron kafaɗa yana kamawa daga santimita 155 zuwa 185, nauyi kuwa daga kilo 500 har 1,200, amma akasarin waɗanda ake nunawa a talla suna tsakanin 800 da 950. Dokin da muka saba kawowa daga Bawku ko Yendi ko Arewacin Najeriya da ƙyar yake wuce kilo 350. Ke nan kusan dawaki uku ne a fata ɗaya. A Faransa launi biyu kawai ake yi wa rajista, baƙi da toka-toka, kuma mai rajistar ƙasar yana da tambarin haruffan SP a wuya. Hurden ba a haifarsa hurde. Duƙushin kan fito da duhu, ya riƙa washewa shekara bayan shekara har ya zama kili. Wanda ya biya kuɗi don zanen nan mai ɗigo-ɗigo ya sani ba zai dawwama ba. Tsofaffin fararen kuma yawancinsu kan fitar da baƙaƙen ƙulluta a ƙarƙashin wutsiya da kewayen dubura, don haka a ɗaga wutsiya a duba kafin ciniki.

Halinsa ne babban abin yabonsa. Doki ne mai sanyin kai, mai saurin koyo, ba ya firgita da wuri. A cikin taro mai kalangu da algaita da yara na kutsawa ta ƙarƙashin ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yana da wata fa'idar kuma a kan Shire da Clydesdale, dawakin ja na Birtaniya: ƙafarsa ba ta da dogon gashin nan da ke rufe kofato. A ƙasa mai damina biyu irin tamu, wannan gashi matattarar laka ce da ƙwayoyin ƙaiƙayi da kirci. Idan dole sai an shigo da dokin ja na Turai yankin Asante, Percheron ne mai dama-dama. Amma mai son ya tsaya kan likkafa ya saki linzami ya ƙure gaban Sarkin Zango da ƙura, ba dokinsa ba ne. Bayansa faɗi ne da shi har cinyoyin mahayi su gaji, juyawarsa a hankali take, birkinsa kuma ba na nan take ba ne.

Yanzu ga inda tayin ya yi shiru.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro ta Salaga sun san doki ba ya daɗewa idan ya shigo kurmi. Asante ba ta kafa rundunar dawaki irin ta Dagomba ba, ba don rashin kuɗi ba, sai don tsando da cutar sammore. A tsakiyar Kumasi ta yau tsando ya ragu saboda gari ya cinye daji, amma mai ƙaton doki ba a tsakiyar gari zai ajiye shi ba, sai ya nemi fili a bayan gari kusa da rafi, can kuwa ƙudan na nan. Sammore a doki yakan fara da zazzaɓi mai zuwa da komowa, dasashi ya yi fari, ƙafafu da ƙasan ciki su kumbura, doki ya rame yana ci. Kuskuren da ke kashe dawaki a nan shi ne a sayo allurar sammore ta shanu a kasuwa a zuba masa da ma'aunin sa. Berenil da ire-irensa na iya taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwar doki idan aka zarce. A bar likitan dabbobi ya ɗebi jini, ya ga ƙwayar, ya zaɓi magani da adadinsa.

Wadda ta fi sammore saurin kisa ita ce annobar dawaki ta Afirka, wadda ƙyashi ke yaɗawa daga faɗuwar rana zuwa hantsi. Dokinmu na gida ya gaji ɗan juriya, jaki ma ya fi shi. Baƙon da bai taɓa haɗuwa da ita ba, cikin goma tara na iya mutuwa. Alamarta ta farko zafin jiki ne da ya kai digiri 40 zuwa 41. Sai ramin nan da ke saman idon doki ya cike ya tasa, fatar ido ta kumbura, wuya ya yi nauyi. A mummunan nau'inta doki kan buɗe ƙafafun gaba yana haki, kumfa ta zubo ta hanci, kafin gari ya waye an rasa shi. Ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta. Ƙwayar iri tara ce, allurar da kamfanin Onderstepoort na Afirka ta Kudu ke yi kwalba biyu ce, ana ba da ta biyu aƙalla mako uku bayan ta farko, ana maimaitawa duk shekara, kuma sai an riƙe ta cikin sanyi tun daga tashi har shiga jikin doki. Kwalbar da ta kwana a firjin da dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya kashe ba abin dogaro ba ce.

A nan akwai tarko. Mai saye kan ji an ce dokin daga Afirka ta Kudu yake, ya saki jiki cewa ya saba da cutukan nahiyar. Amma yankin Cape, inda tsohuwar bargar Percheron ta Elsenburg take, shi ne wurin da hukumar ƙasar ke tsarewa daga wannan annoba, har ba a yi wa dawakin wasu sassansa rigakafin sai da izinin likitan gwamnati. Dokin da ya fito can na iya zuwa ba tare da ko allura ɗaya ba. A nemi fasfon dokin a ga sitikar kwalba ta ɗaya da ta biyu, da ranakunsu, da sa hannun likita. Na Turai kuwa ba a ma tambaya, bai da ita.

Gidan sauro na mutane ba ya tare ƙyashi, ramukansa sun yi faɗi. Ana rufe tagogin barga da raga mai ƙanƙanin ido, irin ta inuwar lambu mai kashi 80, a riƙa fesa mata maganin ƙwari, a kunna fanka tana kaɗawa kan dokin domin ƙyashi ba ya iya tashi cikin iska. A shigar da shi sa'a biyu kafin magariba, kada ya fito sai rana ta ɗaga. Wannan kuwa ya ci karo da sabonmu na yin kilisa da la'asar sakaliya. A auna zafinsa safe da yamma da ma'auni ta dubura: lafiyayye yana tsakanin 37.5 da 38.5. Da zarar ya haura 39 ba tare da aiki ba, a kira likita a ranar.

Kaska ma na kawo nata zazzaɓin mai sa ido rawaya. Gargaɗi ɗaya a kanta ya wadatar: maganin wankan shanu mai sinadarin amitraz, wanda ke cike da shagunan magungunan dabbobi, guba ne ga doki. Yana tsayar da hanji, doki ya kasa kashi, ciki ya murɗe. A karanta jikin kwalba kafin a zuba a bokiti.

Sai zafi. Ƙaton jiki yana tara zafi fiye da yadda fatarsa ke iya fitarwa, a Fabrairu da Maris kuwa Kumasi kan kai digiri 33 zuwa 34, ga laima da ke hana gumi bushewa. Akawal ya fi shan wuya a rana. Wasu dawakin da aka shigo da su ma gumin kan ƙafe musu gaba ɗaya bayan 'yan watanni a ƙasa mai zafi da laima. Za ka ga an dawo daga aiki sauran dawaki sun jiƙe sharkaf, shi kuwa fatarsa a bushe, in ban da ɗan danshi a ƙarƙashin geza, hancinsa na buɗewa yana rufewa da sauri. Mai barga ya ɗauka ƙarfi ne, alhali dokin na dab da faɗuwa. Lafiyayyen doki a tsaye yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti. Idan bayan hutun minti 15 a inuwa yana nan sama da 40, a cire masa kaya, a riƙa kwarara masa ruwan sanyi a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi ba tsayawa. Mafi kyawun lokacin isowarsa hunturu ne, Disamba zuwa Janairu, lokacin da iska ta bushe ƙyashi ya ragu. Makonni uku na farko ba aiki, sai jan ragama da sanyin safiya.

Ciyarwa ita ce za ta nuna wa mai doki ko ya yi lissafi. Doki na cin busasshen abinci kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a yini. Mai kilo 900 ke nan yana buƙatar kilo 14 zuwa 18 na busasshiyar ciyawa da harawa kowace rana. Idan ɗanyar ciyawa ce da yara ke yankowa a gefen hanya, sai a ninka sau uku ko huɗu, don yawancinta ruwa ce. Harawar wake da ta gyaɗa daga Ejura ko Tamale ko can gaba ake kawo su, kuma ajiye su a Kumasi ba kamar a Arewa ba ne, laima na sa su fumfuna cikin makonni. A jera su a kan katako sama da ƙasa, a buɗe dami a shinshina kafin a zuba. Ruwa kuwa lita 45 zuwa 50 ne a yini idan yana zaune, ya kan ninka idan ya yi aiki a zafi. Unguwar da famfo ke ɗaukewa kwana biyu, sai da tanki.

Sabonmu shi ne doki mai daraja a cika masa akurki da dawa da gero da dusa. Wannan sabon ne zai kwantar da Percheron. Irin na da wata gadajjiyar cutar tsoka da ta yi yawa a cikinsa, wadda ke sa tsoka ta tara sukari fiye da kima. Dokin da aka ƙoshar da hatsi, aka bar shi tsaye kwana biyu, sannan aka ɗaura masa keke, bayan tafiyar minti 20 sai ya fara gajarta taku, cinyoyin baya su sandare su yi tauri, gumi ya karyo masa, fitsari ya fito ja mai duhu. Turawan da suka yi noma da shi sun san ta da ciwon safiyar Litinin, saboda hutun Lahadi ke jawo ta. A wurinmu ranar Sallah za ta faɗo, bayan an shafe mako ana yi masa ɗura don ya yi sheƙi. Idan ta kama shi kada a tilasta masa tafiya, a tsayar da shi inda yake, a ba shi ruwa, a kira likita, domin ƙoda ke cikin haɗari. Rigakafinta arha ne: hatsi kaɗan ko babu, ciyawa da harawa su zama tushen abinci, idan yana buƙatar ƙarin ƙarfi a zuba masa man girki a kan abinci, a fara da cokali biyu a hau a hankali har kofi ɗaya ko biyu, kuma kada rana ta faɗi bai motsa ba ko da na minti 20 ne. Ana gane mai ɗauke da cutar ta gwajin gashin geza da aka tuge da saiwarsa. Dillali na gaskiya zai iya sa a yi gwajin tun dokin na can.

Dusar alkama da ake samu daga injinan Tema da Takoradi tana da nata illar. Fosfarasta ya rinjayi kalsiyam, wasu ciyayin ƙasashe masu zafi kuma, irin su gini da setariya, suna ɗaure kalsiyam ɗin da ke cikinsu ya fita da kashi. Haɗa biyun na watanni sai ƙashin fuska ya kumbura tsakanin ido da hanci, doki ya riƙa ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. Harawar gyaɗa da ta wake na gyara wannan, tare da garin farar ƙasa na abincin dabbobi bisa ma'aunin likita. Masarar da ta yi fumfuna na lalata ƙwaƙwalwar doki. Abincin kaji kuma kada ya kusanci barga, don wasunsu na ɗauke da monensin, ɗan kaɗan ya isa ya tsayar da zuciyarsa. Kanwa ba ta maye gurbin gishiri. A ba shi gishirin girki giram 50 zuwa 60 a yini, a ƙara idan ya yi gumi. Duk wani sauyin abinci a yi shi cikin kwana 10 zuwa 14, har da sauyi daga abincin da ya saba a ƙasarsu, saboda haka a sa dillali ya haɗo da buhunan da za su kai shi mako biyu.

Awon magani ma sai an sake koyo. Tef ɗin awon nauyin doki da yawa ba sa kaiwa girmansa. A auna kewayen ƙirji ta bayan ƙafafun gaba da santimita, a ninka lambar da kanta, a ninka da tsawon jiki daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, a raba da 11,880. Ƙirji 220 da tsawo 195 zai ba da kilo 794. Sirinjin maganin tsutsa na ivermectin yawanci na dokin kilo 600 ne, saboda haka guda ɗaya bai ishe shi ba, kuma ba da rabin magani shi ke koya wa tsutsa juriya. Allurar kwantar da doki kuwa akasin haka take, manyan dawakin ja sun fi saurin jin ta, likita kan rage. A tabbatar an yi masa rigakafin sarƙewar haƙora, domin ƙusa da gwangwani ba sa ƙarewa a hanyoyinmu.

Turke a ƙofar gida da dabaibayi ba su dace da shi ba. Bai taso da igiya a ƙafa ba, ranar da ya fizga ko dai turken ya tuge ko jijiya ta tsinke. Ɗaki yake buƙata, aƙalla mita 4.3 kowane gefe don ya kwanta ya tashi ba tare da ya maƙale da bango ba, ƙofa mita 1.4 zuwa 1.5, rufi sama da mita 3 da rabi, da silin ko ciyawa a ƙarƙashin kwano. Daɓen siminti ya zama mai kaushi, ya ɗan karkata zuwa magudana. Abu ɗaya da Kumasi ta fi wasu garuruwa shi ne shimfiɗa, domin ɓawon katako na nan a kasuwar katako ta Sokoban da arha, a dai guji na katakon da aka jiƙa da maganin gara. Kashinsa da fitsarinsa sun haura kilo 40 a yini. A gidan haya na Zango mai ɗakuna goma da maƙwabta, wannan kaɗai ya isa ya kai mutum gaban mai unguwa.

Kofatonsa faɗin farantin tuwo ne, kuma nauyin da ke kansa na sa gefensa ya baje ya tsage idan aka wuce mako shida zuwa takwas ba a yanke ba. A damina tsokar tsakiyar kofato kan ruɓe. A ɗaga ƙafa kullum a sa ƙugiya a tsagin da ke gefenta. Idan baƙin ruwa mai wari ya fito, ko tsokar ta yi laushi tana ɓarewa fari-fari, shimfiɗar ta jiƙe ne. Takalmin ƙarfe na girmansa, lamba 7 ko 8, ba a samunsa a kasuwar Kejetia, sai an yo odarsa da ƙusoshinsa ko maƙeri ya ƙera daga ƙarfe mai kauri. Kafin a biya kuɗin doki a nemo wanda zai iya riƙe ƙafar da ta kai wannan nauyi ya yanke ta daidai. Irin waɗannan masu hannu an fi samunsu a Accra, wajen masu folo da dawakin 'yan sanda, zuwa Kumasi kuwa tafiyar kusan kilomita 250 ce da mai doki zai riƙa biya.

Kayan jan da ake haɗowa a tayin su ne muka fi ba ƙaramin maki. Yawanci ɗamarar ƙirji ce ta roba mai walƙiya, girma ɗaya na kowa. Ta isa keke mara nauyi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ga keke mai mutum shida a hawa da gangarar Kumasi, kwalar wuya ake so, wadda ke raba nauyi a kan kafaɗu, kuma ita aunawa ake yi, Percheron kan ci inci 22 zuwa 26. Gwajinta da hannu ne: idan ta zauna, tafin hannu a shimfiɗe ya shige tsakaninta da maƙogwaro ta ƙasa, yatsu kawai su shige ta gefe. Ta yi ƙanƙanta ta shaƙe shi a hawa, ta yi girma ta riƙa gogar kafaɗa har ta sale. Doki kan rame a watannin farko, kwalar da ta yi daidai ranar isowa za ta yi sako-sako, sai a sa matashi a ciki. A duba akwai maɗaurin gindi, wanda ke tare keke kada ya bugi ƙafafun baya a gangara, kuma keken na da birki na gaske. Ƙarfen baki inci 6 zuwa 6 da rabi yake ci. Linzaminmu na gargajiya mai zobe da harshe ya yi masa ƙunci ya kuma yi tsanani, bakinsa da laushi aka hore shi. Sirdin gida ba zai zauna a bayansa ba, majayi ma ba zai zagaye ba.

A kan taya da hanya mai kyau yana jan ninkin nauyinsa biyu ba tare da wahala ba. Amma mai tunanin dako da shi ya ajiye wannan lissafi, aboboya, babur mai ƙafa uku na dako, ta riga ta ci kasuwar, ba ta cin harawa ranar da ba ta fita ba. Kwalta na da santsi ga takalmin ƙarfe, lungunanmu kuma da buɗaɗɗun kwatoci ba sa ba keke mai tsawon nan wurin juyawa. Hayar biki ce kaɗai ke da ma'ana, ita ma da yamma ake yinta, daidai lokacin ƙyashi.

Masu cewa za su sayi ingarman su haɗa da goɗiyoyin gida su sani goɗiya mai kilo 300 na iya karyewa a ƙarƙashinsa tun wajen barbara. In ana son jinin, ruwa-biyun da aka riga aka haifa a Afirka ta Kudu, rabin Percheron rabin doki mai sauƙi, mai kilo 550 zuwa 650, ya fi dacewa da keken amarya da kuma aljihu, yana cika ido, zafi bai kayar da shi da wuri. Shi ma dai sai da rigakafi da raga da fanka. Don aiki a cikin taro dandaƙaƙƙe ya fi ingarma, mai shekara 6 zuwa 10, domin irin ba ya gama ƙosawa sai ya kai biyar ko shida, kuma ɗan shekara uku da ake sayarwa da rahusa bai isa jan nauyi ba.

Wanda yake da fili a wajen gari nesa da rafi, da janareta ko sola, da tankin ruwa, da likitan da zai ɗaga waya da dare, da yaron barga mai kwana a wurin, zai iya riƙe Percheron ya ji daɗinsa shekaru. Irin wannan Alhajin ya fara da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ma'aikatar noma, domin su ke ba da izinin shigo da dabba da sharuɗɗan killacewa, kuma takardar a hannunsa ya kamata ta kasance kafin doki ya tashi, ba a hannun dillali ba. Ya ɗauki likitansa na kansa a can ƙasar ya duba dokin, ya karanta lambar da aka dasa masa a wuya ya gwada da ta fasfo, ya sa a yi masa sassarfa a ƙasa mai tauri, a ja shi da baya a ga ko ƙafar baya na karkarwa tana ɗagewa, a kuma saurari maƙogwaronsa bayan gudu, don dogayen dawakin nan kan yi gurnani idan gefe ɗaya na maƙogwaro ya shanye. A rubuta a yarjejeniya wa ke da asara idan doki ya mutu a jirgi, ko a killace, ko a mota tsakanin Accra da Kumasi. A riƙe wani kaso na kuɗin sai ya sauka da ƙafafunsa an auna zafinsa kwana bakwai a jere. Idan an haɗa da inshora, a karanta ko ta ƙunshi annobar dawaki da sammore, sannan a tambaya ko tana aiki bayan dokin ya bar ƙasar da aka yanke ta.